Fitilar man mashina ta ƙi mutuwa ko tanki ya cika, ina mafita?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wutar mashin. Ina da wani tsohon babur ɗan Japan, na hannu na saye shi shekara biyu da suka wuce, mai silinda biyu, kafireta ne da shi. A kan mitarsa babu allurar da ke nuna yawan mai, sai 'yar fitila guda mai hoton famfon gidan mai, wadda ke kamawa idan mai ya yi ƙasa. Da can lafiya lau take aikinta, ta kama in nufi gidan mai. To yau kusan wata biyu ke nan, da na murɗa makulli sai ta kama, kuma ba ta ƙara mutuwa, ko da yanzun nan na fito daga gidan mai tanki cike fal. Ba ta haske sosai, dishi-dishi take yi, amma da dare ana ganinta sarai.

Da farko share ta na yi, har ido ya saba. Sai ranar Talatar nan. A Bichi nake koyarwa, ina dawowa Kano bayan magariba, kafin in kai Dawanau mashin ya fara shaƙewa, ya yi tari biyu, ya ɗauke. Na buɗe tanki na girgiza, ko motsin mai babu. Ga Ummi a bayana, shekararta bakwai, na ɗauko ta daga wajen kakarta. Haka na riƙa tura wannan ƙaton mashin a gefen titi, tana riƙe da bakin rigata, manyan motoci na wucewa suna watsa mana ƙura, har Allah ya haɗa mu da wani yaro mai sayar da mai a galan. Wahalar turin ba ta dame ni ba. Yadda yarinyar ta yi tsit tana kallon duhu ne har yanzu yake ci mini rai. Don Allah a taimaka, ba na so a sake.

Sarkin Hanya: Wa alaikumus salam. Subhanallahi, Allah ya tsare gaba, a gaida Ummi. Amma Malam gaskiya ni ban taɓa yarda da fitilar mai ba. Tun kafin a hana acaɓa a Kano a 2013 nake kan mashin, yanzu kuma a ƙauyuka nake ɗaukar kaya da Boxer. Abin da na riƙe shi ne kok ɗin da ke ƙarƙashin tanki, wato makunnin da ke buɗe wa mai hanya. Ka bar shi a ON, ranar da mashin ya fara shaƙewa ka miƙa hannun hagu ka murɗa shi zuwa rizab, wato ɗan man ajiya na gindin tanki, ka samu abin da zai kai ka gidan mai. Ba waya, ba ƙwai, ba abin da zai lalace. Ka manta da fitilar nan kawai.

Baban Ummi: Na gode Sarki. Ai nan gizo ke saƙar, nawa ba shi da rizab. Kok ɗinsa ba na hannu ba ne, iskar da injin ke zuƙa ce take buɗe shi, in injin ya mutu ya rufe da kansa. Masu ƙera shi fitilar suka sa a madadin rizab. In ta lalace ba ni da wani mai yi mini gargaɗi.

Bakanike na Kurna: Malam wannan ƙaramin aiki ne. Cire kujera, ka kwance notin da ke riƙe bayan tanki, ka ɗan ɗaga shi ka tokare da katako. Za ka ga wayoyi biyu sun fito daga gindin tanki sun shiga wani ɗan soket. Zare soket ɗin ka murɗa makulli. In fitilar ta ci gaba da ci, to waya ce ta goge a wani wuri tana taɓa bodi, ko kuma matsalar tana cikin mita. In ta mutu, ka samu guntun waya ka haɗa bakunan soket ɗin biyu, na ɓangaren mashin fa, ba na ɓangaren tanki ba. In ta kama da ƙarfi, wayarinka lafiya, sensar da ke cikin tanki ce ta tafi. Gwada ka ba mu labari.

Baban Ummi: Na yi yanzu bayan la'asar. Da na zare soket fitilar ta mutu murus. Da na haɗa bakunan da waya ta kama da haske sosai, irin hasken da na daɗe ban gani ba. Na kuma tarar da wani kore-kore a cikin soket ɗin kamar gansakuka, na kankare shi da bakin allura na goge da tsumma. Na mayar, ta koma dishi-dishinta kamar ba a yi komai ba.

Bakanike na Kurna: To ka gani. Sensa ce. Fulot ɗin, wato ɗan ƙwallon da ke yawo a saman mai, ya huje ya sha mai ya nutse, shi ya sa kullum yake cewa mai ya ƙare. Ka sa a nemo maka sabuwa a canza, magana ta ƙare.

Ɗalibin Injiniya: Oga da izininka. Ba kowace fitilar mai ce ke aiki da fulot ba. Malam ina da tambaya: lokacin da take lafiya, in mai ya yi ƙasa, farat ɗaya take kamawa ko a hankali haskenta ke ƙaruwa?

Baban Ummi: A hankali. Takan fara da ɗan ja-ja kamar garwashin da ake hurawa, sannan ta kama sosai. Wani lokacin kuma in na taka birki da ƙarfi ko na faɗa rami sai ta ɗauke, sai an ɗan jima ta dawo.

Ɗalibin Injiniya: To ba fulot ba ne a tankinka, tamista ce. Wani ɗan abu ne kamar ƙwayar wake, a cikin 'yar kwalbar ƙarfe mai ƙananan huji, an kafa shi a tsayin da masu ƙera mashin suke so gargaɗi ya fara. Halinsa shi ne in yana sanyi yana tare wuta, in ya yi zafi sai ya sake ta. Wuta kaɗan tana ratsa shi kullum. Muddin yana nutse a cikin mai, man yana kwashe zafin, sai ya zauna da sanyinsa, fitila ba ta samun abin da zai kunna ta. Da mai ya sauka ya bar shi a iska, sai ya fara ɗumama kansa, yana ɗumi yana ƙara sakin wuta, har fitila ta kama. Shi ya sa kake ganin tana tasowa a hankali. In ka taka birki mai ya fantsamo ya jiƙa shi, ya huce, ta ɗauke. Babu abin da ke motsi a ciki balle ya huje.

Bakanike na Kurna: Fulot ko tamista, duk dai sensa ce, kuma gwaji ya nuna ita ce. Ni shekara goma sha biyar ina wannan aiki. In ka cire abu fitila ta mutu, ka mayar ta kama, me ya rage?

Baban Ummi: Na kira wani mai sayar da kayan mashin a Sabon Gari, ya ce irin wannan babu a ƙasa, sai dai ya sa a aiko daga Legas, kuma kuɗin da ya faɗa ya kusa na cika tanki sau uku. Ga shi wata ya yi nisa. Amma in ita ce mafita zan ranta in tura masa gobe.

Baba Mai Rewaya: Salamu alaikum. Ɗana, dakata, kada ka tura kuɗin nan tukuna. Yanzu jikana ya karanta mini maganarku daga farko, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini, wadda ka faɗa tun a saƙonka na fari aka wuce ta: dishi-dishi. Tamistar da ta lalace, abin da na fi gani shi ne ta ƙone ta yanke, fitila ta daina kamawa gaba ɗaya. In kuwa haɗewa ta yi, fitila za ta kama da cikakken haske. Rabin haske wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, tanki a cike ko a bushe, wannan wata magana ce dabam. Ka tuna da kyau: kafin abin nan ya fara, wani ya buɗe kan mitar? An taɓa ƙwayayen fitilun da ke ciki?

Baban Ummi: Inna lillahi. Baba, ranka ya daɗe, an taɓa. Fitilar da ke haska lambobin gudu ce ta ƙone, na kai wa wani yaro mai gyaran wuta a unguwarmu. Ya ce tunda an riga an buɗe, gara a canza duka zuwa LED, sun fi haske, ba sa shan batir, ba sa ƙonewa. Na ce ya yi. Ya cire har da ta sigina da ta nutural da ta mai. In na lissafa, satin nan ne abin ya fara. Wallahi ko kaɗan ban haɗa biyun ba, saboda washegari na yi tafiya da ɗan mai kaɗan, na ɗauka gaskiya take faɗa.

Baba Mai Rewaya: Alhamdu lillahi, an gano ɓarawon. Sensarka lafiyarta ƙalau in sha Allah. Koma wajen yaron ka ce ya ba ka tsohon ƙwan, in bai zubar ba. In ya zubar, ka sayi irinsa mai zare a ciki, ka mayar a ramin fitilar mai kaɗai. Sauran ka bar su LED ɗinsu, ba su da laifi.

Bakanike na Kurna: Baba Allah ya ƙara girma, ba musu nake da kai ba, amma hankalina bai ɗauka ba. Ƙwai ai ƙwai ne. Aikinsa a ba shi wuta ya haska. Ta yaya ƙwan da ya fi kyau, wanda ma bai shan wuta, zai ɓata aikin sensa? Ni na sa wa mashina da yawa LED ba wanda ya dawo mini da ƙorafi.

Baba Mai Rewaya: Ɗana, waɗanda ka sa wa ai mafi yawansu masu kok ne ko masu allura, shi ya sa. Rashin shan wutar nan da kake yabo shi ne ainihin matsalar a nan. Ka je maƙera ka ga ƙarfe. In yana cikin ruwa, ko me za ka yi ba zai yi ja ba. In an tsame shi, to yana buƙatar wuta sosai kafin ya yi ja. Tamista haka take. A wannan tsarin ƙwan da ita a jere suke kan waya ɗaya, duk wutar da za ta je mata sai ta bi ta cikin ƙwan. Tsohon ƙwai ƙofa ce mai faɗi: yana barin wutar da za ta ishe ta ɗumama idan ta fita daga mai, kuma 'yar wutar da ke zurarewa lokacin da take nutse ba ta kai ta ja zarensa ba. LED kuwa ƙofa ce 'yar siririya. Wannan 'yar zurarar ta ishe shi haskawa, shi ne dishi-dishin da Malam ke gani. In mai ya ƙare kuma, ba ya barin wutar da za ta ɗumama tamistar, sai hasken ya zauna yadda yake. Ka ga fitila ta zama ba ta faɗin komai.

Ɗalibin Injiniya: Baba ya gama magana, lissafin kawai zan ƙara don Oga ya gani. Irin wannan tamistar in tana sanyi takan kai wajen om 1,000 (om ma'aunin tare wuta ne), ya danganta da irinta. Batir bolt 12 ne. Ka raba 12 da 1,000, wutar da ke zurarewa wajen miliamfiya 12 ke nan (miliamfiya ma'aunin yawan wutar da ke wucewa ne). Ƙwai mai wat 3 yana buƙatar wajen miliamfiya 250 kafin ya yi cikakken haske, don haka 12 ba ta ko motsa shi. LED kuwa da miliamfiya 2 ko 3 ma ana ganin haskensa a duhu. Gwajin da ka ba Malam daidai ne, ya tabbatar waya ba ta goge ba. Abin da bai iya rarrabewa ba shi ne tsakanin sensar da ta lalace da ƙwan da bai dace ba, duka biyun amsa ɗaya suke bayarwa.

Wanda ya dage sai LED, akwai hanya: a haɗa masa resista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, kafaɗa da kafaɗa, wadda za ta ɗauki nauyin da tsohon ƙwan ke ɗauka. A madadin ƙwai mai wat 3, om 47 mai jure wat 5 ta yi. Amma tana zafi sosai idan fitilar ta kama, ba a manna ta da roba ko da wayoyi.

Baba Mai Rewaya: Haka ne, amma ni ba na ba da wannan shawarar. Abin da ƙwai ɗaya mai arha zai gyara, don me za a ƙara wa mita kayan zafi?

Bakanike na Kurna: To na karɓa. Ilimi kogi ne. Malam ka yi haƙuri, da na sa ka asarar kuɗi. Baba na gode.

Sarkin Hanya: Duk na ji, amma ni ina nan kan bakana. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta wuce 1,000, wa ke cika tanki? Mu lita ɗaya ko biyu muke zubawa, mu yi aiki, mu ƙara. Ko da mashina na da fitilar nan, kullum a kunne za ta kasance, kuma gaskiya take faɗa. Ina amfanin mai gargaɗin da ba ya yin shiru? Mu girgiza tanki muke mu saurara. Kunnena ya san ƙarar lita ɗaya ya san ta rabin lita.

Baba Mai Rewaya: Sarki ba wanda zai ga laifinka, abin da hali ya bayar ke nan. Sai dai ka san abin da hakan ke jawowa. Tankin da kullum yake kusan wofi, iska ce cike da shi, iska kuma tana da laima, musamman da damina. Dare ya yi sanyi, laimar ta zama raɓa a jikin ƙarfe ta ciki, ta gangara ƙasa, don ruwa ya fi fetur nauyi. Daga nan tsatsa. Tankunan da nake buɗewa a shekarun nan, gindinsu ja wur kamar an zuba garin jan bulo. Wannan garin ne ke toshe kok da kafireta, shi ne ke cin sensa. In Allah ya hore, ko sau ɗaya a wata a cika shi, ai man ba ɓata zai yi ba, kai za ka ƙone shi.

Kuma girgiza ba ta yi wa kowa. Sababbin mashina masu injekta ba su da rizab, famfonsu na cikin tanki, man ne ke sanyaya shi. Mai irin wannan in ya saba tafiya har mai ya ƙafe, famfon yake kashewa, kuma kuɗin famfo ba na ƙwai ba ne. A wajensu fitilar nan ba ado ba ce.

Maman Nana (Maraɗi): Salamu alaikum, ina wuninku. Ina biye da ku tun jiya, na ƙaru ƙwarai. Baba ni ma ga tawa. Moto gare ni irin wanda kuke cewa roba-roba, da shi nake zuwa aiki asibiti. Nawa allura gare shi. Tana sauka daidai har ta kai rabi, nan sai ta tsaya. Sau biyu isansi na ƙare mini allura tana nuna rabi. Mai gyara ya ce mas ne, wato wayar da ake haɗawa da bodi, ya kankare waya, ba abin da ya sake.

Sannan Malam Baban Ummi, na san za ka so ka zuƙe man tanki don ka gwada fitilar. Don girman Allah kada ka sa tiyo a baki. Mun sha karɓar samari da yara da suka yi haka. Fetur in ya sarƙe mutum ya shiga huhu, ko kaɗan ne yana ƙona shi, numfashi ya gagara. In kuma tsautsayi ya sa wani ya haɗiya, kada a sa shi amai, aman ne ke kai shi huhu. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, a kai shi asibiti.

Baban Ummi: Hajiya Allah ya saka da alheri. Wallahi abin da na yi niyya ke nan, har na nemo tiyon. Na fasa.

Baba Mai Rewaya: Hajiya ta yi gaskiya. Ɗana ka ciro tankin, ka juye man a jarka ta bakin murfi, a fili, nesa da murhu da janareta da mai shan taba. Mutane na tambaya ta yaya ake sa abu mai zafi a cikin tankin fetur bai tashi ba. Tanki a rufe, tururin man ya yi yawa, iskar ba ta isa wuta ta kama ba, ga kuma kwalbar ƙarfen da aka killace tamistar a ciki. Amma tankin da aka juye aka bari a buɗe, iska ta shiga ta gauraya da tururi, ya fi cikakke haɗari nesa ba kusa ba. Ba a leƙa shi da ashana ko laita. Kuma kada wani ya ce maka a ciro tamistar a jona ta kai tsaye da batir don a gwada. Ƙwan ne ke taƙaita mata wuta, in babu shi za ta yi ta zafi har ta ƙone. Saboda wannan dalilin ne ma ba a sa ƙwan da ya fi na asali ƙarfi. Duba gindin tsohon, an rubuta wat ɗinsa, ka sayi daidai shi.

Hajiya, naki kuwa fulot ne na gaske. Yana ƙarƙashin kujera, hannu ne na waya da ɗan ƙwallo a bakinsa, kamar na tankin ruwan gida. Yana hawa yana sauka, yana goga wani ɗan harshe a kan layin resista. Da mas ne ya yanke, ko layin ya cinye, allura ƙasa za ta faɗi ta nuna babu mai. Taki kuwa tana tafiya daidai sannan ta cije a rabi, wannan ya fi kama da hannun yana maƙalewa, ko tsatsa ta riƙe shi, ko wani ya taɓa ciro shi ya mayar a karkace yana tokarar bangon tanki. Ki sa a ciro shi, a sa mitar gwaji, a ɗaga hannun a hankali a sauke. A yawancin masu waya biyu, in yana sama bai kai om 10 ba, in yana ƙasa yana kusa da 100, kuma lambar ta riƙa tafiya sumul ba tsalle. In a waje yana yin haka, to a cikin tanki yake samun cikas.

Bakanike na Kurna: Irin wannan na sha yi. Lanƙwasa hannun ake yi kaɗan ya daina taɓa bango.

Baba Mai Rewaya: Ana yi, amma bayan an auna, ba kafin ba. Kuma in za ka lanƙwasa, ƙasa za ka daidaita, ba sama ba. Allura ta ƙi kaiwa F, alamar tanki ya cika, ba ta taɓa barin kowa a daji ba. Ka zuba lita ɗaya a busasshen tanki, mashin a tsaye sak ba a jingine ba, ka gyara har allura ta zauna a bakin jan layi.

Maman Nana (Maraɗi): Na gode Baba, Allah shi ba da lada. Ranar hutuna zan kai, kuma zan tsaya a kansa har a auna a gabana.

Ɗalibin Injiniya: Malam ko an gyara, ka haɗa da ƙaramin lissafin kilomita da ke kan mita. Duk ranar da ka cika ka mayar da shi sifili, ka lura a kilomita nawa fitila ke kamawa. In wata rana ka wuce wannan adadin da nisa ba ta kama ba, ka san ƙwan ya ƙone. Ƙwai mai zare yana mutuwa ba sallama.

Baban Ummi: Assalamu alaikum, na dawo da labari. Yaron bai zubar ba, yana cikin wani gwangwanin madara da yake tara ƙwayaye, wat 3 aka rubuta a gindinsa. Na yi masa bayanin Baba, ya saurara da kyau, ya ce bai taɓa sani ba, har ya tuna wani mutum da ya yi wa irin wannan canjin ya ce zai neme shi. Muka mayar, na murɗa makulli da rabin tanki, fitila shiru. Wata biyu rabon da in ga wurin nan baƙi.

Jiya Asabar na yi gwajin a tsakar gida, na sa mai ɗakina ta kashe gawayi tukuna. Na juye man a jarka, na mayar da tankin, na jona soket, na murɗa makulli ina kallon agogo. Daƙiƙa ashirin ba komai, gabana ya fara faɗuwa. Wajen daƙiƙa arba'in sai ga ɗan ja-jan nan ya fara tasowa, kafin minti ɗaya ta kama sosai. Daga nan na riƙa zuba mai da robar lita ɗaya, ina jira bayan kowace. Ta farko tana nan, ta biyu tana nan, ina cikin zuba ta uku ta dushe ta mutu. Ke nan in ta kama ina da kusan lita biyu da rabi. Na rubuta a takarda na manna a cikin murfin akwatin kayan aiki.

Abin da na gani a gindin jarkar kuwa, Baba, kamar yadda ka faɗa: jan gari da ɗan ruwa kwance a ƙasa, ya kai cikin cokali biyu. Na tace man da tsumma mai tsabta kafin in mayar, na bar na ƙasan ban zuba ba.

Baba Mai Rewaya: Madalla ɗana, Allah ya yi albarka. Koren nan da ka kankare a soket zai dawo da damina, ka shafa masa ɗan giris ka tura shi ya zauna daram. Tunda kuma ka ga jan gari a jarka, akwai 'yar rariya a kan kok ta cikin tanki, ita ma tana nan cike da shi. Ranar da ka samu sarari ka ciro ta ka wanke, ka duba robar da ke zagaye da ita kafin ka ɗaure, in ta tsage a canza.

Baban Ummi: In sha Allah Asabar mai zuwa. Na sayi ƙwai biyu irinsa na ajiye a ƙarƙashin kujera. Hajiya muna jiran labarin naki fulot ɗin.